Shingen Dashin Baba Ilu

Har gobe ba zan manta da safiyar da sabon shugabanmu ya zo duba gonar renon itatuwa ta wajen Sandamu ba. Lokacin ina malamin daji, ni ke kula da ƙananan itatuwan da muke raba wa manoma da damina. Maigadinmu Baba Ilu shi ya kewaye wurin da dashi, da hannunsa.

Ku sababbin ɗauka, dashi ɗan gajeren itace ne mai ƙaya, ganyensa uku-uku mai ƙamshi. Ana turare da ƙaronsa, ana dafa sassaƙensa saboda ciwon ciki. Reshe kawai za ka sara ka kafa, ya kama. Amma da rani yakan zubar da ganye tas, ka rantse ya mutu.

To, cikin Afrilu yallaɓai ya iso. Ya dubi shingen ya ce, "Wa ya jera mana busassun ƙirare a wurin gwamnati?"

Baba Ilu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, da ransa. Ruwa yake jira."

Na karce reshe da farce, na nuna masa ɗanyen kore. Ko kallo bai yi ba! Ya ce a tuge, za a kawo wayar shinge. A aikinmu umarnin na gaba ba a musunsa, muka tuge muka watsa a wani rami.

Wayar fa? Har yau tana hanya. Kwana uku tsakani awakin gari suka shiga suka yi wa renonmu kaca-kaca. Abin takaici, takardar tuhuma ta fito da sunan Baba Ilu, wai sakaci da aiki. Aka dakatar da dattijo mai iyali. Sau biyu ina rubuta bayani, shiru kake ji.

Bayan ruwa ya sauka yallaɓai ya dawo zagaye. Rassan nan na rami sun yi saiwa, sun yi kore shar. Ya murza ganye ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Kai, Malam Sani, wannan wane itace ne? Ai da shi ya kamata mu yi shinge!"

Wallahi sai da na ciji leɓe. Na ce, "Yallaɓai, wanda ya iya kafa shi yana gida, mun dakatar da shi."

Ni aka tura ba da haƙuri. Baba Ilu ya saurare ni tsaf, ya ɗauki gatarinsa ya ce, "Zan kafa, ɗana. Amma ka roƙe shi, don Allah kada ya ƙara zuwa da rani."

Tun daga nan ba na yanke wa itace hukunci sai na karce ɓawonsa, kuma sai na saurari wanda ya kafa shi, ko da maigadi ne.