Busassun Kogunan Mas da Tabarmar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka har Baba ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in kuma da baƙo a wurin ya ce "wancan". Na san kunyar ɗan fari ce, kowa a ƙauyenmu na gefen Kura a haka ya taso. Amma na sani ɗin bai hana abin ci mini rai ba. Ƙanena kuwa, wanda daga shi Inna ba ta sake haihuwa ba, Auta ake ce masa, kuma in Baba ya kira Autan nan har muryarsa canzawa take yi.

Abu ɗaya nake da shi wanda Auta ba shi da shi, shi ne bayan la'asar. Tun shekarar da amalanke ya danne wa Baba ƙafa ya daina zuwa gona, ni na zama idonsa. Gonarmu tana can wutsiyar kanal, magudanar noman rani, inda ruwan madatsar Tiga ba ya isowa sai na sama sun sha sun ƙoshi. Kullum in na dawo da taɓo har gwiwa, sai in durƙusa gefen tabarmarsa a zaure, ya ce, "Ruwa ya zo?" In ce ya zo, amma da ƙyar. Ya ce, "Fangali nawa ya sha?" In faɗa. Ya tambayi alkama, ya tambayi tumatir, ya tambayi wanda ya toshe mana kwata. Bai taɓa cewa na yi ƙoƙari ba, amma ni kaɗai yake tambaya, kuma wannan ya ishe ni.

Sai ga Auta ya dawo hutun ƙarshen shekara daga jami'a a Zariya, cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ɗin nan, da tabarau a hanci da wata takarda a ninke cikin littafi. Ran nan na shigo zaure na tarar da shi zaune, ba a durƙushe ba, zaune daram a kan tabarmar Baba, sun haɗa kai a kan takardar. Na yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Hoto ne da ya yago daga wata mujallar Turawa. Ƙasa ce ja, duk duwatsu, ga wasu layuka sun ratsa ta suna karkacewa.

"Baba, wannan ita ce duniyar Mas," in ji Auta, "jan tauraron nan da ake gani. Turawa sun aika na'ura ta ɗauko hotonta. Waɗannan layukan, masana sun ce hanyar ruwa ce, koguna ne da suka ƙafe."

Baba ya kai takardar kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ikon Allah. Ai wannan gonar wutsiya ce. Na sama ne suka rufe musu ƙofa."

Suka yi dariya su biyu. Ni ina durƙushe, taɓo yana bushewa a ƙafata, ina jiran a ce ruwa ya zo. Har aka kira magariba ba a ce ba.

Na ce yau ɗaya ce, baƙon abu ne, zai wuce. Ina! Kashegari ma Mas, jibi ma Mas. Baba ya zama ɗalibi. To ina ruwan ya tafi? Auta ya ce wasu na ganin ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai ƙanƙara a can ƙarshenta sama da ƙasa. To wata fa? Auta ya ce wata kam ƙurmus yake. Zara fa, tauraruwa mai hasken nan? Ya ce zafinta ko dalma aka ajiye sai ta narke. In an samu ruwan a Mas, mutane za su koma can? Ya ce abin da ake hange ke nan, amma iskar wurin ba ta shaƙuwa, sai dai a yi gidaje rufaffu a yi shuka a ciki. Baba ya ce, "Alkama za ta yi?" Wallahi haka ya tambaya. Alkamarsa tana nan tafiyar rabin sa'a, ni na san fangalin da ya fara yin rawaya, amma ta Mas yake tambaya.

Da na koma ɗaki ina huci, matata ta ce, "Kai ma ka zauna ka saurara mana, ai abin da daɗin ji." Na ce mata in daɗi take so ta je ta zauna ita. Kishi nake yi, ƙarara. Yaron da ni na goya shi zuwa makarantar firamare, wanda ko fartanya ya riƙe sai hannunsa ya yi bororo, shi ne yau masanin ruwa a gidanmu!

Ranar da ruwa ya zagayo layinmu, na same shi da safe da fara'ata. Na ce, "Auta, zo ka taya ni ban-ruwa mana, ka sha iska." Ya yi murna har da saurin sa takalmi. Wannan murnar tasa har yau in na tuna sai in ji kunya.

A wurinmu da tiyo ake ɗebo ruwa daga ƙaramar kwata zuwa fangali. Roba ce lanƙwasasshiya, tsawon hannu da ɗan ɗori. Sai ka nutsa ta ta cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo shi ta kan gaɓa ka saki, ruwa ya kama zuba da kansa. Wanda ya iya, ko magana yake yi zai jera goma. Wanda bai iya ba, sai iska ta shiga, tiyo ya yi tari ya tsaya. Na san Auta bai taɓa yi ba, don lokacin da aka kawo mana kanal yana makarantar kwana.

Na bari sai da maƙwabtan gona suka taru a bakin kwata, har da wasu Fulani biyu da suka tsaya da shanunsu a kan hanya. Sannan na miƙa masa tiyo na ce, "Bismillah, malam."

Ya nutsa, ya fizgo, ko ɗigo. Ya sake, tiyo ya yi tari. Ya tsaya yana yi mana bayanin yadda iska take danna ruwa, har da Turanci a ciki, kuma na tabbata daidai ya faɗa. A karo na huɗu ya yunƙura da ƙarfi, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin kwata, tabarau ya faɗa ruwa. Sai na ɗaga murya yadda na can nesa ma zai ji, na ce, "Jama'a, ku zo ku ga mai neman ruwa a sama, ga na ƙasa ya kayar da shi!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Sannu, Injiniyan Mas!" Shi ke nan suna ya bi shi. Na sa hannu ɗaya na jera tiyo shida ina kallon gefe, don dai a gani. Auta ya laluba ya ciro tabaraunsa, ya goge da gefen riga, ya dube ni. Bai ce komai ba sai "Yaya." Ya juya ya nufi gida, wando yana ɗigar da ruwa.

Kafin azahar sunan ya riga shi shiga gari. Kashegari da safe ya haɗa jakarsa ya ce karatu ya taru masa, alhali saura kwana goma hutu ya ƙare.

Na samu abin da nake so. Bayan la'asar na shigo, tabarma ba kowa sai Baba. Na durƙusa. Ya ce, "Ruwa ya zo?" Na ce ya zo. Ya ce, "To." Bai tambayi fangali ba, bai tambayi tumatir ba. Bai yi mini faɗa ba, ko da kalma ɗaya, kuma na san labari ya iso masa. Ya ɗaga gefen tabarma ya zaro takardar nan, Auta ya bar masa ita. Ya duba, ya duba, sannan ya ce, "Ko sun samu?"

Na ce, "Su wa, Baba?"

"Masu neman ruwan."

Me zan ce? Na ce ban sani ba.

Haka muka yi ta yi. Aka yanke alkama, aka kwashe tumatir, kullum tambayar gona ta ƙare a kalma biyu, sai a zaro takarda. Gefenta har ya yi baƙi don shafa. Na gwada kama tashoshin rediyo ko zan ji wani abu in kawo masa, ban dace ba. Hutu ya sake zagayowa Auta bai zo ba. Sallah ta zo, ya aiko a ce yana gaishe da kowa. Ranar Sallah, Baba ya ci loma uku ya ture kwano. Da yamma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, ba wanda zai je ya tambayo mana?"

Kashegari na taka keke zuwa Garun Malam, na bar shi wurin wani mai shayi, na hau motar Zariya. Ban taɓa kwana nesa da gonar nan ba sai ranar. Da tambaya da komai na gano ɗakinsu wajen azahar. Ya buɗe ƙofa, ya gan ni, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Ina zama idona ya sauka bayan ƙofa: bokiti cike da ruwa, da guntun tiyo a ciki.

Ya ga na gani. Ya ce, "Wata huɗu ina yi, Yaya. Yanzu yana kamawa." Ya ɗora bokitin a kan kujera, ya nutsa, ya toshe, ya fizgo. Ruwa ya kama zuba a kan siminti, sumul, ba tari. Ka san abin da na ji? Ba daɗi ba. Cewa na yi a raina, wannan ma ya ƙwace. Na ce masa babban yatsansa ya yi ƙasa da yawa, alhali ba abin da ya samu yatsan.

Ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, kai kullum tambayarka Baba yake yi. Ni tun ina yaro sai dai ya shafa kaina ya ce a ba ni fura. Sai da na kawo masa wata duniya sannan ya tambaye ni abu."

Ban ba shi haƙuri ba, bakina ya ƙi. Na dai ce Baba ya aiko a tambaya ko sun samu. Ya yi mini bayani dalla-dalla, na sa shi ya maimaita har na haddace. Da zan tafi na ce, "In ka ga dama ka zo ranar Juma'a, ruwa zai zagayo layinmu." Ya ce to.

Duk hanya ina bitar amsar kamar mai hadda. Kashegari na iso bayan la'asar, na durƙusa, na fara: "Baba, ya ce har yanzu ba a ga ruwa mai gudu ba, sai ƙanƙara, amma ana sa ran a ƙarƙashin..."

Ya katse ni. "Ya rame?"

Na ce bai rame ba.

"Yana cin abinci?"

Na ce yana ci, kuma zai zo Juma'a. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya ninke takardar ya mayar ƙarƙashin tabarma, ko sauran bayanin bai nema ba. Ni da na kwana a kan benci a tasha, ba wanda ya ce ya hanya.

Na shiga gida raina a ɓace, na zauna ina kwance igiyar takalmi. Matata ta ajiye mini ruwa, ta rage murya ta ce, "Tun jiya Baba bai bar ni na zauna ba. Mota ta yi ƙara a titi sai ya aiko, a duba ko wancan ya dawo. Ko kokon safe bai sha ba."

Na ce, "Wancan ya ce?"

Ta ce, "To da me zai ce?"

Na shanye ruwan. Ita ta ji, Inna ta ji, har maƙwabta sun ji. Da a gabana ya faɗa, ko sau ɗaya, wallahi da na bar wa Auta tabarmar da Mas ɗinsa gaba ɗaya.