Golarmu Ba Ta Dawo Ba

A makarantar sakandaren 'yanmata da ke Kakuri na fara riƙe sandar hoki, wasan da tsofaffi ke kira ƙwallon gora. Malamar wasanninmu ce ta tono wasu tsofaffin sanduna a sito, duk sun yi tsaga an ɗaure su da roba, ta raba mana. Filinmu jar ƙasa ce a bayan wata masaƙa da aka rufe, in ƙwallo ta faɗa ciyawa sai an yi ta dukan wurin saboda macizai kafin a ɗauko.

Ni 'yar unguwar Makera ce, babana tela. Da na gaya masa za a riƙa wasa da gajeren siket, sai ya hau keken ɗinkinsa. Washegari ya miƙo mini dogon wando da ya ɗinka da kansa, ya ce, "In da wannan ne, je ki."

Ƙawata kuwa, wadda ta zama golarmu, 'yar unguwar Television ce, Kirista, iyayenta daga kudancin jiha suka zo. Babanta a masaƙar nan ya yi aiki har aka rufe ta, bai daɗe ba ya rasu. Mamarta tana sayar da doya a kusa da gareji. Ta zama gola ne don babu wadda ta yarda ta sa kayan tsaron gida, masu nauyi da warin gumin mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ita ta sa, ta yi tsalle a ciki, ta ce ai ta ji kamar an saka ta a katifa. Ni aka ajiye a baya, dab da ita. Bakinta ba ya shiru a fili. "Hagu, 'yar tela, hagu! Kin bar mini ƙofa a buɗe!" Da muryarta nake sanin abin da ke bayana, ba sai na waiwaya ba.

Muka gama makaranta, muka buga wa jiha, daga nan aka kira mu sansanin 'yan wasan ƙasa, mu biyu tare. Ranar da aka tabbatar muna cikin masu tafiya gasar ƙasashen Afirka, mamarta ta rufe rumfa tun da rana, ta zo har shagon babana da doya a kai. Suka yi ta gaisawa da yi wa juna barka kamar biki ake.

A wata ƙasa aka yi gasar, a arewacin Afirka, garin yana bakin teku. Ɗaki ɗaya aka ba mu a otal, ta taga ana hango ruwan. Filinsu shimfiɗar roba ce da ake jiƙawa da ruwa, ƙwallo na gudu a kai kamar an kore ta. Wasan farko aka lallasa mu. A na biyu muka yi kunnen doki, kuma aikinta ne. Ana dab da tashi aka ba su bugun daga kai sai gola. Ta tsaya tana kaɗa kai a cikin hular kwano, 'yar wasansu ta ɗaga ƙwallo sama ta dama, ta kai hannu ta doke. Muka rufe ta har ta faɗi, tana ihu daga ƙasa, "Ku tashi, za ku kashe ni!"

Washegari hutu ne, sai ɗan atisaye da la'asar. Bayan karin kumallo ina zaune a gado na sa ƙanƙara a idon sawu, ta ce za ta leƙa shagunan da ke bayan otal ta sayo wa mamarta mayafi mai kauri, don tsohuwar ba ta jure sanyi.

"Wane launi kike gani?" ta tambaye ni.

"Ruwan toka. Ba ya nuna dauɗa."

"Ke dai 'yar tela ce," ta yi dariya. "Yanzu zan dawo."

Da silifas ta fita. Wayarta na jone a caji, fasfonta na wurin shugaban tawaga kamar na kowa.

Da azahar ban damu ba. Da aka taru za a shiga motar atisaye ba ta, koci ya aike ni in duba ɗaki. Muka bazu cikin shagunan nan da hotonta a waya, ba ma jin yarensu, ba sa jin namu. Wani mai shagon mayafai ya gyaɗa kai ya nuna hanyar teku, wani na kusa da shi ya girgiza kai. Aka kira 'yan sanda. Kafin magariba manyan tawaga sun riga sun yanke hukunci: ta gudu, za ta tsallaka Turai, ai ba yau aka fara ba.

Koci ya ja ni gefe. "Ki gaya mini gaskiya. Ta taɓa yi miki maganar tafiya?"

"Wallahi ba ta taɓa ba, Koci. Wa zai gudu da silifas, ya bar waya?"

"Masu wayo haka suke yi," ya ce, amma bai kalle ni ba.

Wasan ƙarshe muka buga da ƙaramar gola, yarinya mai shiru. Ana cikin wasa na ji sarai an ce, "Hagu, 'yar tela!" Na karkata hagu, na tare ƙwallo, sannan na waiwaya. Yarinyar ce kawai a raga, bakinta rufe. Daga nan ban ƙara taɓuka komai ba. An ci mu, ban ma san da nawa ba sai a mota. A jirgi kujerarta na kusa da tawa, wata ta ɗora jakar hannunta a kai, na ce ta ɗauke.

Ni na kai kayanta Television. Labari ya riga ni, tsakar gida cike da matan cocinsu. Mamarta na zaune a kan benci, ta karɓi jakar ta ɗora a cinya, ba ta buɗe ba. Duk hanya ina shirya amsoshin da zan ba ta. Sai ta ce, "'Yata, ta ci abinci da safen?"

"Ta ci, Mama. Shayi da burodi da ƙwai. Har ta ƙara."

Ta gyaɗa kai, ta ce to an gode Allah.

Daga nan sai jita-jita. Wani ya ce ɗan'uwansa ya gan ta a Turai tana kitso. Wata ta ce a makon nan wani jirgin ruwa ya kife da mutane a gaɓar ƙasar. Akwai masu zuwa sayen doya su ce wa Mama, "Ai kin huta, 'yarki ta haye, sai jiran alheri." Akwai masu yi mata gaisuwar mutuwa a fakaice. Duka biyun takan amsa da "Na gode." Yayan ƙawar tawa, wanda ke gyaran mota a Kakuri, ya yi ta zirga-zirga zuwa Abuja har ya gaji. Ko'ina ce masa ake ana bincike.

Na ƙara kakar wasa ɗaya na ajiye sanda. Na zama mai yawan waiwaye a fili, kuma mai tsaron baya da ke waiwaye ba ta da amfani. Na yi aure, muka zauna a Trikania, na sami aikin koyar da wasanni a wata firamare.

Amma ban daina ganinta ba. Tana da faɗin kafaɗa, tana tafiya ƙafafu a ware kamar har yanzu kayan gola na jikinta. Wata rana ina cikin keke a garejin Television na hango wannan tafiyar, na sauka keken bai gama tsayawa ba, na bi matar har cikin 'yan kifi, na kama hannunta. Ta juyo, wata ce daban, da goyo ma a gaba. Na ba ta haƙuri. Har yau in baƙuwar lamba ta waje ta kira ni, ko ina tsakiyar aji sai na ɗauka. Kullum 'yan damfara ne, amma sai na saurara har su gama gaisuwa. Maigidana ya sa an yi mini addu'o'i, na sha rubutu, na kuma ji sauƙi. Hoton teku ne dai har yanzu ba na iya kallo, ko a kalanda.

Duk Kirsimeti ina zuwa wurin Mama, duk Sallah takan zo mini. Ba ta taɓa tambayata ko ina ganin 'yarta na raye ba. Abin da take so shi ne labarin bugun nan da 'yarta ta tare. Sai in tashi tsaye in gwada mata yadda ta kai hannu, ita kuma ta tafa ta ce, "Haka take tun tana ƙarama, ba abin da ke wuce ta."

Daminar bara Mama ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Aka kai ta ƙauyensu, na bi motar matan coci, ni kaɗai da hijabi a cikinsu, suna waƙa ina jan carbi. A bakin kabari fasto ya ce 'ya'yanta su matso su zuba ƙasa. Ya kira yayan, ya zuba. Ya kira ƙanwarsu, ta zuba. Sai ya kira sunan ƙawata. Ban sani ba ko mantuwa ya yi, ko da gangan ne. Mutane har da juyawa suna duban hanya.

Yayan ya taɓa kafaɗata. "Ƙanwata, zuba a madadinta."

"Ni?"

"Ke kika gan ta ƙarshe."

Na durƙusa na ɗebi ƙasar, jiƙaƙƙiya ce mai sanyi, na zuba a kan akwatin. Ban san me ake faɗa a nasu ba, sai na yi mata addu'a da tawa hanyar.

Muna komawa wurin mota wata tsohuwa tukuf, gwaggon Mama, wadda idonta ya kusa tafiya, ta tare ni. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta yi magana da yarensu, sannan ta ce da Hausa, "Kin dawo? Kin bar uwarki tana ta jira."

Yayan ya sunkuya ya ɗaga murya a kunnenta, "Ba ita ba ce, Kaka. Ƙawarta ce, ta Makera."

Ba ta ji ba. Ta riƙe wuyan hannuna gam, tana faɗa mini in ci abinci kafin in tafi, wai na rame a can. Na zauna kusa da ita a kan tabarma na ci tuwon da aka kawo, tana ta yi mini faɗa, har direba ya gaji da yin hon.