Ranar da Inna Ta Kama Sunana

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Kunya ce, haka ake yi a ƙauyenmu can bayan Dungas. In tana nemana sai ta ce wa ƙanena, "Kai, ce wa waccan ta sauke tukunya," alhali ga ni zaune dab da ƙafarta. Abin yana ci mini rai, wallahi. Ƙannena ta kira su, ta zage su, ta yi musu kirari, ni kuwa "waccan". Har na gama lakwal, wato makaranta, na zama malama a Magariya, na haifi tawa 'yar farin, ban ji sunana a bakinta ba ko da wasa.

A hankali mantuwa ta shigo wa Inna. Yau ta zuba kanwa sau biyu a miya, gobe ta bar akuya ɗaure a rana. Ranar da ta surfa geron iri, wanda aka ɓoye don shuka, ta dama fura da shi, ƙanena ya ce tsufa ne. Tsufan me? Ko sittin ba ta cika ba! Ni dai na taɓa ganin irin wannan. Haka kakarmu ta fara, haka yayar Inna ta fara. Kawunnaina kuwa garau suke har yau, suna ta rigimar iyakar gona.

Na kai ta asibiti a Damagaram. Lokotoro ya ce ciwon yakan bi jini, kuma an fi ganinsa ga mata. Ya ce abubuwan da ta sani suna nan cikin kanta, hanyoyin da ke haɗa su ne ke tsinkewa, kamar turbar gona da aka daina bi. Na ce, "Ni fa?" Ya ce gado ba dole ba ne. Na ji shi dai.

Na dawo da ita gidana. Mijina ya rasu, yarinyata tana karatu a Yamai, sai mu biyu a tsakar gida kamar kurame. Kullum da safe in na durƙusa gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. Ka ji ikon Allah, abin da na ƙi jini tun ina ƙarama shi na koma jira. Muddin tana kawar da kai, ta san ni ce.

Wata Talata da la'asar na dawo daga lakwal na tarar tana ɓarar wake a inuwa. Ta ɗago, ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi, ta kira sunana. Ras, har sau biyu. Ta ce, "Zo ki zauna mana. Ke ɗiyar wa ce ma?"

Shekara arba'in da ɗoriya ina son jin sunan nan a bakinta. Na ajiye jaka, na zauna, na taya ta ɓarar waken har ya ƙare. Sai da na shiga ɗaki na yi kukana, ba wanda zan gaya wa.

Yanzu in sunan ɗalibi ya ɓace mini a aji, sai in tuna yadda Inna ta fara. Shekaranjiya yarinyata ta kira ni a waya tana tsokanata. Ta ce, "Haba Mama, zamani ya canja fa, ki kira sunana ko sau ɗaya in ji."

Na ce, "Ke, rufa mini baki. Ki roƙi Allah kada ki taɓa jin sa a bakina."