Direban Shanu a Bakin Ruwan Kintampo

Duk wanda ya daɗe a unguwar Kaladan ta Tamale ya san Abdulshakur, ko da bai san cikakken sunansa ba. Baba Shakur ake ce masa. Dogo ne, siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan ranƙwafa, irin ranƙwafawar da sitiyarin babbar mota ke bar wa mutum. Kakansa Bakatsine ne wanda fataucin goro ya kawo Salaga, ubansa kuma ya dawo Tamale yana dillancin shanu. Shi kuwa bai gaji goro ba, bai gaji dillanci ba. Ya shiga motar shanu yana saurayi, ya karɓi sitiyari a 1981, bai ajiye shi ba sai 2012. Shekara talatin da ɗaya ke nan cif yana kwasar shanu daga Tamale zuwa Kumasi.

Aikin motar shanu yana da doka guda da ba a rubuta ta a ko'ina ba: in ka ɗauko, ba ka tsayawa. Saniya a tsaye take tun daga lodi har saukewa, a matse cikin 'yan uwanta. Muddin mota na tafiya iska na ratsa su, suna jurewa. Da zarar an tsaya a rana zafi ya taru, sai wata ta durƙushe, sauran su tattake ta. Direbobin wancan zamani sun ɗauki mutuwar dabba a hannunsu babban abin kunya. Abdulshakur yakan ce a duk shekarunsa shanu huɗu kacal ya rasa, kuma har yau yana iya gaya maka launin kowacce da wurin da abin ya faru. A dawowa ma ba hutu, domin an cika masa mota da katako ko siminti, ga kuma lodin gaba na jiransa.

Da haka ya yi ta wuce wani allo da ke gefen titi, gab da shiga Kintampo, mai nuna hanyar ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Ya wuce shi sau ba adadi, amma ko sau ɗaya bai taɓa karkata sitiyari ya shiga ba. Wannan kuwa babu wanda ya sani a Kaladan, har matarsa.

Rahimatu aka kawo masa a 1983. Ita ba ta taɓa wuce Yapei ba, kuma duk dawowar da ya yi sai ta ajiye masa tuwon zafi, ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Malam, me ka gano mana a hanya?" Me zai ce? Abin da yake gani kwalta ne da ƙahonni. Rannan dai kunya ta sa ya ari labarin da ya ji a bakin masu rakiyar shanu, ya ce ya tsaya a Kintampo ya ga ruwa yana faɗowa daga sama. Da ya ga yadda idonta ya yi haske, sai ya ƙara. Ya ce bakan gizo na kwana a wurin. Ya ce kusa yake ƙwarai: kana sauka daga mota, taku goma, ga ka a gabansa.

Labarin ya girma tare da 'ya'yansu. Rahimatu ta kai shi gidan suna, ta kai shi gidan biki, har ya zama in an ambaci Kintampo a unguwa sai a ce, "Ku tambayi Baba Shakur, shi ya san wurin kamar ɗakinsa." Shi kuwa bai taɓa ganin illar abin ba. Ruwa dai yana can, wa aka cuta?

Sai shekarar 2023, bayan damina ta ɗauke, Malama Mansuratu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare kuma take shugabantar ƙungiyar matan unguwa, ta shirya musu fita ta yini guda zuwa ruwan. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Rahimatu idon hagu ruf, na dama kuma yana bin sahu. Likita ya gaya musu gaskiya, cewa da ciwon sukarin da ke jikinta, ko an yi aiki ba lallai ne ganin ya dawo ba. Ga gwiwa kuma, wadda ko dokin ƙofa sai ta dafa bango take tsallake shi. Duk da haka Rahimatu ce ta fara ba da sunanta.

"Ina so in gan shi da saura a idon nan," in ji ta. "Taku goma dai ba zai gagare ni ba."

Abdulshakur ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya ce hanya ta lalace. Mansuratu ta ce ta tambayi direbobi, lafiya lau take. Ya ce girgizar mota ba ta yi wa mai ciwon gwiwa daɗi. Rahimatu ta ce za ta tafi da matashi. Daga ƙarshe matan suka yanke cewa shi kaɗai ne namijin da za a tafi da shi, a kujerar gaba, tunda shi ne masanin wuri. Ya yi ta lallashin kansa cewa wataƙila masu rakiyar shanun sun faɗi gaskiya, wataƙila wurin kusa yake.

Ranar Asabar bayan karin kumallo suka tashi, mata ashirin da biyu da kwanukan wake da shinkafa. Hanyar kam ya san ta. Ya nuna musu gadar Yapei, ya nuna musu ta Buipe, ya nuna musu kwanar da wani sa ja ya taɓa tsalle daga motarsa ya shiga daji, aka yi rabin yini ana nemansa. Mata suna ta dariya. Azeta, mai sayar da koko a bakin masallaci, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Baba, yau dai ka ɗauko shanu masu magana!"

Ya yi dariya tare da su.

A ƙofar wurin aka haɗa su da mai yi musu jagora, wani magidanci mai suna Sualihu, mai fara'a, mai Hausar zango wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ya bi da su ta inuwar itatuwa, ya nuna musu inda ruwan ke ɓullowa tsakanin duwatsu, ɗan kaɗan, ba abin a zo a gani ba. Rahimatu tana dogara sandarta, ta riga ta yi taku fiye da goma sau goma. Can suka iso wani wuri inda ƙasa ta yanke, ga matakala ta siminti ta nutsa cikin kurmi, daga ƙasa kuma wani irin ruri na tasowa kamar ana niƙa a inji.

"To, iyayena," in ji Sualihu, "babban yana ƙasa. Mataki ɗari da hamsin da 'yan kai. Wanda ƙafarsa ba lafiya, ga benci, ya zauna nan ya sha iska."

Mansuratu ta juyo. "Baba, ba taku goma ka ce mana ba?"

"Bayan ya ajiye mota aka tona ramin," in ji Azeta. Aka kwashe da dariya.

Sualihu ya dubi tsohon, ya ga yadda fuskarsa ta koma, sai ya nemi rufa masa asiri. "Wataƙila Baba wani hanya ya bi a zamaninsu."

Rahimatu ta riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ta laluba ta kamo hannun rigar mijinta. "Yauwa. Malam, su bi tasu. Mu kai ni ta tsohuwar hanyarka."

Ya tsaya yana kallon hannun nata. Ba shi da wata hanya da zai kai ta. Ya cire hula, ya mayar, sannan ya yi magana yadda kowa zai ji, domin ya ga in ya rage murya ma ba abin da zai ragu.

"Rahimatu, babu wata tsohuwar hanya. Ban taɓa zuwa nan ba. Yau ne farkon zuwana, kamar ke."

 Rahimatu ta saki rigar, ta nemi bencin da sandarta, ta zauna.

"Har bakan gizon?"

"Har shi. A bakin mutane na ji."

"Na ba Inna labarin nan tana kwance, kafin ta rasu," in ji ta a hankali. "Ta ce in Allah ya kai ni in shafa mata ruwan a fuska." Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya kunnenta wajen rurin da ke tasowa.

Mansuratu ta durƙusa a gabanta. "Mma, ki yi haƙuri. Za mu ɗauko miki a waya, ki kalla."

"'Yata, fuskarki ma da ƙyar nake ganinta. Me zan gani a waya?"

Mata suka fara sauka biyu-biyu, suna waiwaye. Abdulshakur ya matsa bakin matakalar don kawai ya guje wa fuskar matarsa. Ya tsaya yana kallon gangaren, sai ya iske kansa yana auna shi da idon aiki: faɗinsa, tsayin kowane mataki, inda ƙarfen dafawa yake, inda akwai fili da za a iya tsayawa. Ya sha sauke saniyar da ta yi awa goma a tsaye, ƙafafunta sun sandare, a gangaren da ya fi wannan tsaye. Ba a jan irin wannan da igiya, ba a kuma barin ta ta fuskanci gangare kai tsaye. Juya ta ake yi ta ba da gefe, mutum ɗaya ya tare ta da kafaɗa daga ƙasa yana tafiya da baya, wani ya riƙe ta daga sama, raunanniyar ƙafar ita ke fara sauka.

Ya dawo ya tsuguna. "Zan iya kai ki."

"Da bakinka?"

"Da kafaɗata. Wannan kam na sani, ba a bakin kowa na ji ba. Azeta, ara mini zanen da kika zo da shi."

Ya naɗa zanen a ƙugun Rahimatu, ya ƙulle shi a baya, ya danƙa wa Sualihu da Azeta bakinsa, ya ce kada su ja, su dai riƙe shi a miƙe. Ya karɓe sandar ya ba Mansuratu. Sannan ya sauka mataki biyu, ya juyo ya ba Rahimatu kafaɗarsa ta dama, ya ce ta jingina da nauyinta duka.

"Ba da gefe. Ta hagun tukuna. Yauwa. Kawo 'yar uwarta."

"Wai ina ka koyi wannan?"

Ya ce, "A kara, kasuwar shanu."

"Wato ni ce saniyar!"

"Mma, ka yi haƙuri," in ji Sualihu daga sama, yana danne dariya. "Saniyan Baba ba ya faɗuwa."

Haka suka yi ta sauka, mataki ɗaya, numfashi ɗaya. Shi da baya yake tafiya, bai ga inda yake sa ƙafa ba, da diddige yake laluben bakin siminti. Can ya manta kansa ya soma yi mata irin sautin da ake lallashin dabba da shi, ta make masa ƙeya ta ce in ya ƙara za ta koma. Wasu 'yan makaranta da ke hawowa suka raɓe a gefe suna ba su hanya.

Wajen mataki na casa'in gwiwar ta ce ba ta san zance ba. Rahimatu ta fara sulalewa. "Bari in zauna, Malam. Kaɗan kawai."

"A'a. In kika zauna a nan ba za ki tashi ba. Huta a tsaye, a jikina."

Ta kifa goshinta a kafaɗarsa, tana haki. Gumi ya jiƙe masa riga, shi ma shekarunsa sun kusa saba'in. Ya kafa diddige ya tsaya. Sun kai minti biyar a haka.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba.

"Kin tambaye ni abin da na gani. Ban ga komai ba sai titi. Na ji kunyar in dawo miki hannu wofi."

"Da ka ce titi, da na saurari labarin titi."

 Ta ja dogon numfashi, ta ce, "To, ta hagun ko?"

Minti hamsin da biyar suka yi kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Matan da suka riga su suna jere a bakin ruwa, da suka hango su sai guɗa ta tashi. Shi bai juya ba tukuna, bayansa ne ke fuskantar ruwan, yana jin feshin sanyi a wuyansa. Fuskar Rahimatu yake kallo. Ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta ware ɗayan iya ƙarfinta, ta ɗaga kai sama, ta sauke shi a hankali, ta sake ɗagawa.

"Kina ganinsa?" Sai da ya yi ihu saboda rurin.

"Ina ganinsa! Fari fat, kuma yana motsi. Tun daga can sama. Malam, ashe haka yake da girma!"

Sai a lokacin ya juya shi ma. Ya daɗe yana kallon ruwan.

Azeta ta zo kwance zanen, Rahimatu ta buge hannunta. "Bar shi, ban gama ba." Ta ƙara damƙe kafaɗar mijinta, ta tura shi wajen duwatsun da ruwa ke dukansu. "Kada ka ɗauka maganarmu ta ƙare, za mu yi ta a gida. Yanzu dai matsa da ni gaba, idon nan bai ƙoshi ba."