Ƙwan Ƙarshe na Gerimis

Ranar da kurciyoyina suka yi ƙwai huɗu, ko fuska ban tsaya wankewa ba na nufi rumfar Yu Lasiyem, wato Yaya Lasiyem, mai abinci, don in ba da labari. Irin puter ne, masu baƙin zobe a wuya, waɗanda ake samu da arha a bakin kasuwar Klaten. Miji da mata na saya, har na raɗa wa mijin suna Janar saboda yadda yake buɗe ƙirji.

"Ku matsa mini a benci," na ce. "Taku kurciyar biyu take yi, tawa huɗu!"

Pak Hartoyo, wato Malam Hartoyo, mai shagon yadi, wanda ya fi kowa tsuntsaye a ƙauyenmu, sai da ya ƙware da shayi. "Sarpan, ai kurciya da tattabara ba sa wuce biyu. Sauran biyun Janar ɗinka ne ya yi su."

Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ce a dafa wa Janar jiƙon masu jego. Yu Lasiyem kaɗai ce ba ta dara ba. Ta dakatar da niƙan gyaɗa ta dube ni.

"Pan, suna kwanci?"

"Su biyun, Yu. Har faɗa suke yi a kan sheƙa."

"Ɗauko mini su yanzu."

Tun tana budurwa Yu Lasiyem take sayar da shinkafa da ganye da miyar gyaɗa, kuma duk wanda ya girma a ƙauyenmu da ƙarar dutsen niƙanta ya saba farkawa. Mijinta, marigayi Kang Wagiran, wato Yaya Wagiran, keken fasinja yake tuƙawa, amma ransa yana wajen perkutut, 'yar ƙaramar kurciyar nan mai zane-zane da ake kiwo don murya. Nasa sunansa Gerimis, wato yayyafi. Duk shekara yana kai shi gasar gunduma, ita tana kafa teburin abinci a gefen fili, kuma duk shekara suna dawowa ba kofi. Ya kan ce, "Uban ya kusa. Ɗan ne zai ƙarasa." Bai ga ɗan ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

A makon da nake magana, ɓera ya shiga keji ya kashe Gerimis. Macen da ke kwanci a kejin ta firgita, ta fasa ƙwai ɗaya, ta ƙi komawa kan ɗayan. Da safen nan Yu Lasiyem tana niƙa ne da ƙwan a naɗe cikin auduga a ƙirjinta. Abin da ya rage na muryar da mijinta ya yi shekaru yana nema ke nan, kuma idan ya huce, shi ke nan.

Ta kwashe ƙwai huɗun nan nawa da babu komai cikinsu, tunda ashe mata biyu aka sayar mini, ta sa nata ƙarƙashin Janar.

Ɗan kurciya ba ya tsintar hatsi kamar ɗan tsako. Iyayensa ne suke ɗura masa wani farin ruwa mai kauri daga maƙogwaro, uwa da uba duka, kuma ruwan ba ya zuwa sai ga wanda ya yi kwanci. Janar da abokiyar zamanta sun yi kwanci da gaske. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, suka yi ta rige-rigen ciyar da shi har ya zama kamar ƙwallo.

Masu zaman benci ba su bar ta ta huta ba, kuma bakina ne a gaba. Kukan puter kamar tsohuwa ce take dariya bayan ta ji gulma.

"Yu," na ce, "wanda ya sha daga bakin Janar, dariyar Janar zai yi. Ki shirya, alƙalai za su ɗauka surukarsu ce aka rataye a sama."

Pak Hartoyo ya ce ta ba shi tsuntsun ya haɗa shi da nasa ko ya ji kukan kirki, tunda kiwon perkutut ba aikin mata ba ne.

"Na gode, Pak," ta ce. "Ƙarin miya?"

Ta rataye kejin a saman dutsen niƙa, ta raɗa masa sunan ubansa. Da ya fara buɗe baki, ba dariya a ciki ko kaɗan. Ashe kurciya da kukanta ake ƙyanƙyashe ta, ba ta koya a wajen kowa. Sai muka koma cewa kukan rumfa daban, na fili daban.

Ranar gasa ni na ɗauki kejin. Fili cike da dogayen sanduna, ana jan kowane keji sama da igiya kamar tuta, alƙalai suna zagawa a ƙasa suna kafa 'yar tuta a gindin sandar da ta burge su. Maza suka jeru a bayan igiya suna fito, suna kaɗa yatsu, kowa yana lallashin nasa. Gerimis ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya kumbura gashi ya yi gum. Zagaye ya wuce, wani ya biyo. Gindin sandar Pak Hartoyo ya fara yin ado. Namu fayau.

"Yu, ko in hau in yi masa kukan?" na ce.

Ta daɗe tana kallon kejin, sannan ta share ido da gefen zani ta ce mutane za su ji yunwa. Ta koma teburinta a gefen fili, inda ta saba tsayawa a zamanin Kang Wagiran, ta zuba gyaɗa a dutse ta fara niƙa.

Gurr, gurr, gurr.

Daga can sama sai muka ji an amsa. Ya ɗauko a hankali, ya jera tsakiyar dalla-dalla kamar saukar yayyafi a kan kwano, sannan ya ja ƙarshen, doguwar murya mai zurfi kamar an bugi tagulla. Masu fito suka yi tsit. Ya sake. Alƙalai suka taru a gindin sandarmu. Ita kuwa ta gane, ta ci gaba da niƙa ba ta ɗaga kai ba, hawaye yana sauka. Ta niƙa gyaɗar ranar, ta niƙa ta gobe. Da ta ƙare, Pak Hartoyo da kansa ya ruga teburin maƙwabciya ya ciko mata wata a hularsa.

"Niƙa, Yu! Don Allah kada ki tsaya!"

Da aka kira sunanta a matsayin ta ɗaya, hannunta duk miya ta karɓi kofin. Ta ce a rubuta Wagiran a jiki. Muka dawo ƙauye a motar kaya, ana ta buga jikin motar kamar ganga, mata suna leƙowa daga gonakin shinkafa suna guɗa.

A ƙofar rumfa na gyara murya. "Yu, a yi adalci. Rabin kofin nan nawa ne. Da ban sayo Janar ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Ta ɗora kofin kusa da dutsen niƙa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Gaskiyarka, Pan. Tun kana yawo ba wando na san ka, kuma wannan ne karo na farko da wautarka ta ƙyanƙyashe wani abu. Je ka gaida mai jego."