Ranar da Kakata Ta Ƙi Buɗe Bisharar Markus

Har yau in na ji warin kalwa a kan wuta, Bisharar Markus ce ke faɗo mini a rai. Kada ka yi dariya. A bakin tukunyar daddawa na san littafin nan, wurin tsohuwar da ba ta taɓa karanta ko harafi ɗaya ba.

A farkon shekarun tamanin babana malamin asibiti ne a Nasarawa Burkullu. Daga Zuru muka zo da kakata, mahaifiyarsa. Mu Kiristocin garin ba mu cika zaure ba. Kowace safiya, kafin ya fita aiki, yakan karanta mata Markus tana iza wuta. Ya gwada mata sauran bisharun, ta ce a mayar da ita wurin Markus, shi ne ba ya jan zance, kamar mai saurin kai labari kafin ruwa ya sauko. A shekara uku ta haddace babi goma sha shidan nan kaf.

Burinta ɗaya, a yi mata baftisma. Fasto kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan girbi, bisa babur. Ƙa'idar ikilisiyarmu a lokacin, sai mutum ya karanta sashe da idonsa kafin a kai shi gulbi. Babana ya samo dabara: ta buɗe littafin, ta bi layi da yatsa, ta zubo haddarta. Wa zai gane?

Ranar ta zo, faston ya miƙa mata littafin a zaure. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta ƙi buɗewa.

"Ɗana, ban iya karatu ba," in ji ta. "Ba ni shiga ruwanga da ƙarya. Amma tambaye ni mi ad ciki."

Babana ya sunkuyar da kai. Faston ya ce to, ta faɗa masa wane ne Yesu a littafin.

Ba zan manta ba. Ta ce Markus bai tsaya ba da labarin haihuwa ba, a bakin kogi ya fara. Ta ce Yesu Ɗan Allah ne, amma zuwan bara ya yi, mai hidima, yana taɓa kuturu da hannunsa, yana hana mutane yayata shi, don kada a ɗauke shi sarkin yaƙi. Sarautarsa sai a kan gicciye ta bayyana, inda ya ba da ransa fansa. Almajiransa da suka ci tuwo da shi ba su gane ba, suka gudu. Sojan da ya tsaya gadin mutuwarsa shi ya gane. Mata ne suka fara tarar da kabarin ba kowa, suka fita suna rawar jiki.

"To matanga," ta ce, "wa ya ba su takarda su karanta?"

Faston mutumin kirki ne, amma tsoron na gaba da shi ya fi ƙarfinsa. Ya ce, "Inna, ƙa'ida ce. Ki koya, baɗi in Allah ya kai mu."

Ta miƙa masa littafinsa, ta koma ta duba tukunyarta. Da damina zazzaɓi ya ɗauke ta.

Na yi shekaru ina jin haushin faston nan, har da babana da bai ce uffan ba. Yanzu an soke ƙa'idar, Markus ma yana cikin waya, yara na saurare ba sai sun iya karatu ba. Ni ke koyar da ajin masu shirin baftisma a cocinmu, kuma da Markus nake farawa, littafin a rufe a cinyata. Wani dattijo ya taɓa tuna mini cewa kakata ta rasu ba baftisma, yana wani girgiza kai. Na ce masa ya rufe nasa littafin, ya faɗa mini abin da ke ciki. Har yau ina jiransa.