Itacen Mijin Tulasa

Tulasa Pun maƙwabciyata ce, kuma ban taɓa ganin mai fargaba kamarta ba. Ko akuya ta yi tari sai ta hana unguwa sakat.

Lokacin da garinmu ya kafa kwaleji, ko ɗaki ba mu da shi. Azuzuwan sakandare ake aro da asuba, a fice kafin yara su iso. Tulasa, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ita ta ba da gonar geronta aka fara gini. Kowane gida ya ba da mutum guda na jidar dutse. Mijinta Harka ya yi ta jida har ciwon ƙirji ya kai shi ƙasa. Ta gina masa dakalin hutawa a bakin gonar, ta dasa pipal, itace mai tsarki a wurinmu, kamar yadda ake yi wa mamaci, kullum safiya tana ba shi ruwa.

Kwaleji ta yi ta girma, ɗakuna biyu suka zama bene, bene ya cinye gonar kaf. Bara aka ce za a ba mu karatun jinya idan da ɗakin gwaji, ga shi fili ya ƙare sai wurin itacen. Jikarta Rojina kuwa, ita kaɗai ta rage mata a gida, ta ce in babu karatun nan Japan za ta bi yayyenta.

Khem, shugaban kwamitin kwalejin, ya yi ta zarya gidan Tulasa kan ta yarda a sare itacen.

"Inna, ba fa dole ba ne," in ji shi.

"Rashin dolen ne ya sa takalminka ya fi sanin ƙofata da ta matarka?"

Ta daina cin abinci, ta rame, ni kaina hankalina ya tashi. Daga baya ta amince.

Ranar sara aka yi addu'o'i, aka miƙa gatari, leburori suka sunkuyar da kai. Kowa ya san alhakin saran pipal har 'ya'yan mutum yake bi.

"Inna, ki yi mini rai, yarana ƙanana ne," in ji babbansu.

Rojina ta riƙo hannunta. "Kaka, a bar shi. Ba sai an yi ba."

Tulasa ba ta kula ta ba. "Wanda ya fara sara, alhakin nasa ne, ko?"

"Haka dai ake cewa," in ji Khem.

Ta ɗauki gatarin, ta kai sara. Ko ɓawon kirki bai fita ba.

"To, na ɗauka. Ku ƙarasa."

Ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba, na bi ta. Muna jin ƙarar gatura a bayanmu ta ce, "Ke, kina ganin yarinyar nan za ta zauna kuwa?"